Muryata a Faifan Mai Malafa

Duk ranar Sallah, idan kun taru a falona kun ƙoshi da waina, sai ɗayarku ta ɗauko labarin yadda aka ji muryata a cikin faifan Bature, ku yi ta dariya har jikokina su taya ku ba tare da sun san abin da ake wa dariyar ba. Zainab takan ce na je ne in kamo kunnen yayanku in dawo da shi gida. Fati kuma cewa take hanya na ɓata na faɗa wurin. Ban taɓa hana ku ba, domin ina son jin dariyarku. Amma ba haka aka yi ba, kuma yanzu da hawan bene ya fara gagarata, ina tsoron in tafi in bar muku labarin a karkace. Karatuna bai wuce firamare ba, kun sani, sai ku yi haƙuri da rubutun. Abin da na tabbatar shi zan faɗa. Wanda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

A garinmu, can wajen Wudil, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi, idan ya faɗi ya ƙuje gwiwa sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Kunya muke ce wa wannan, kuma macen da ba ta da ita abin nuni ce. Ni ma 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, amma ban taɓa kwana da tunanin ba ta so na ba, saboda gidanmu cike yake da mata. Akwai kakata, akwai goggonnina, akwai matan baffannina, kowacce tana ta kiran Rabi daga safe har magariba, har sunan ya ishe ni. Abin da uwa ta riƙe, su suke ba yaro har ya yi masa yawa. Da wannan tarbiyyar na taho New York, yayanku bai daɗe da yaye ba. Na taho da kunyar, amma kakar da goggonnin suna can gida. A ɗakinmu na unguwar Tremont a Bronx babu kowa sai ni da shi da ƙarar bututun ɗumama ɗaki, babanku yana kan tasi wuni guda. Ina ce masa kai, ina ce masa yaron nan, da aka haife ku sai ya zama yayanku. Idan na kai shi asibiti ma'aikaciya ta tambayi sunansa, sai in miƙa mata katinsa in yi shiru. Wata malamarsu ta taɓa jan babanku gefe ta tambaye shi ko ni ce na haifi yaron. Da ya dawo ya ba ni labari, dariya muka yi, muka ce Turawa ba su san komai ba.

Halina kun san shi. Nakan yi alwala in tashi, in dawo in sake saboda ban tabbata ruwa ya taɓa diddigena ba. Nakan sauka har ƙofar titi in koma sama in duba murhu. Wannan halin da kuke yi wa tsiya shi ya sa matan unguwa suka ɗora mini wankan gawa. Daga Tremont har Concourse Village, idan mace ta rasu a cikin mutanenmu, ni ake bugo wa waya, don sun san ba zan tsallake komai ba. Ban taɓa ɗaukarsa aiki ba. Shi ne abu ɗaya a ƙasar nan da damuwata ta yi wa wani amfani. Ni ke wanka, mai zuba mini ruwa kuma ita ce Hajiya Mariama, mutuniyar Damagaram da ke sayar da atamfa da turaren wuta a wajen Fordham Road. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, ita kuwa ba ta taɓa barinsa ya huce ba. Ko a ɗakin wanka, da mun gama mun rufe baiwar Allah da likkafani mun fito, sai ta dube ni.

"Ke Bakanuwa, ranar da tawa ta zo ke za ki wanke ni, amma don Allah kada ki yi ta maimaitawa har a gaji a tafi a bar ni."

"Idan kuma ni na riga ki fa?"

"Ke? Mutuwa za ta zo ki ce ta jira ki duba murhu. Ni zan riga ki, baiwata. Ki dai riƙe alkawari."

Na ce na riƙe. Wasa ne a bakinta, amma ni ba na ɗaukar alkawari da wasa.

Jita ta shigo gidanmu lokacin da yayanku yake sakandare. Wani malaminsu ne ya ara masa. Babanku ya ce ba a gidansa ba, shi kuma ya mayar da ita gidan abokai, daga nan ya fara mayar da kansa ma can. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, ban taɓa zuwa ofishin 'yan sanda saboda shi ba, wannan ku shaida. Ya dai zama baƙo a gidan ubansa. Da ya girma sai ya samu aiki da wani mawaƙi, dogon Bature mai furfura a gemu, daga kudancin ƙasar nan, mai rubuta waƙoƙinsa da kansa. Irin kiɗan mutanen karkararsu yake yi, yana haɗa shi da na baƙaƙen fata wanda suke kira blues. Sau ɗaya ya taɓa sauke yayanku a ƙofar gidanmu, ya fito daga mota ya cire wata faffaɗar hula ya gaishe ni, tun daga ranar muka sa masa Mai Malafa. Ni dai abin da na sani shi ne ɗana yana kaɗa wa wani jita a wuraren da ake sayar da giya, kuma idan matan masallaci suka tambaye ni aikin da yake yi, sai in ce yana fama, in canza magana.

Wata Juma'a da yamma ya zo, babanku bai dawo ba. Na zuba masa tuwo da miyar kuka na tura masa ba tare da na dube shi ba, kamar kullum. Ya ci kaɗan ya ajiye. Yawancin maganarsa da Turanci yake yi, yana tsoma Hausa nan da can, amma da Hausa zan rubuta muku domin da ita na riƙe ta.

"Mama, mene ne sunana?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan, ya ci abincinsa.

"Na ji kina kiran Zainab. Na ji kina kiran Fati. Har magen maƙwabta na ji kin kira da sunanta. Ni ban taɓa ji ba."

"Kai, haka ake yi a gida. Ɗan fari ne kai."

"Na sani, Baba ya yi mini bayani. Amma ni a nan na tashi, Mama. Ina ƙarami nakan tsaya a ƙofar makaranta in ji kowace uwa tana ihun sunan ɗanta. Ke sai ki tsaya daga nesa ki ɗaga hannu, kamar mai tsayar da tasi."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya wanke hannunsa, ya ce ranar Lahadi da rana za su yi wasa a Brooklyn, kuma za a ɗauki wasan gaba ɗaya a yi faifai da shi. Bayan nan Mai Malafa zai koma Tennessee, shi ma zai bi shi.

"Ba na jin zan dawo da zama. Ba fushi nake ba. Kawai ban ga wanda zai lura ba na nan ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, sunan yana nan a kan harshena, amma sai na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fito shi ne, ya ɗauki rigar sanyi, ana iska. Ya ce to, ya fita.

Washegari na je shagon Mariama na zauna a bayan tulin atamfa na gaya mata. Ban san ranar ita ma tana da nata labarin ba. A makon nan likita ya gaya mata ciwon daji ne ke cin cikinta, kuma ya riga ya yi nisa. Sai da ta gama saurarona tas sannan ta faɗa mini, kamar mai ba da labarin farashin kaya. Na fara kuka ta daka mini tsawa, har da Faransancinsu na Nijar.

"Bon, ya isa. Ni na je na ga likitana, ke kuma gobe za ki je ki ga ɗanki. Tare za mu."

"Mariama, mashaya ce fa. Ni da nake taɓa gawar Musulmi?"

"Wa ya ce ki sha? Kallonsa za ki yi. Kin taɓa ganin abin da yake yi da hannun nan da kika haifa?"

"Idan Alhajinki ya ji fa?"

"Alhaji ya san za ni unguwa. Brooklyn ba unguwa ba ce?"

Mijinta mutum ne mai tsanani a addini, mai faɗa a ji a masallacinmu, ko rediyo ba a kunnawa a gidansa sai na karatu. Na ce mata ba za ni ba. Na sake faɗa da safe a waya. Bayan azahar sai ga ni a jirgin ƙasa kusa da ita, ina lissafin ko za mu fito kafin la'asar ta wuce.

Wurin tsohon zaure ne mai kujerun katako, ba shi da girma. Daga baya akwai kantar da ake sayar da abin shansu, warinsa ya doke ni tun daga ƙofa. Na tattare bakin zanena a hannu don kada ya taɓa ƙasa, muka zauna can ƙarshe kusa da bango, mu biyu da hijabi a cikin Turawa. Babu wanda ya yi mana kallon banza, wata tsohuwa ma ta matsa mana. Na ga wasu baƙaƙen abubuwa suna reto daga rufi a saman kawunan mutane, na ɗauka irin na kashe gobara ne. Wani ya fito ya yi bayani da sauri, aka tafa, ban kama abin da ya ce ba. A tunanina ɗaukar faifai na masu waƙa ne, can kan dandamali, babu ruwan mai kallo.

Sai suka fito. Yayanku ya zauna a kujera daga gefen hagun Mai Malafa, ya sa wata 'yar kwalba a yatsansa, yana jan ta a kan wayoyin jitar. Ban san jita tana wannan kukan ba. Ya tuna mini da goge da nakan jiyo daga bakin kasuwa ina yarinya, wanda Babanmu ya hana mu tsayawa saurare. Mai Malafa muryarsa a dushe take kamar ta mai mura, waƙoƙinsa ba na rawa ba ne. Ɗaya na fahimci kaɗan daga cikinta, a kan rijiyar gonar ubansa ce da ta ƙafe, da yadda uban ya yi ta zura guga har ya mutu. Duk inda muryar tsohon ta gaza, sai kwalbar nan ta ƙarasa masa. Mutane sun yi tsit, wani ƙato a gabanmu yana share ido da bayan hannu. Ni kuwa ina kallon fuskar ɗana. A gida kullum a rufe take. A nan na ga irin fuskar da yake yi yana jariri idan ya ƙoshi da nono, lokacin da babu kowa a ɗaki, ina iya kallonsa yadda nake so.

Can wajen ƙarshe Mai Malafa ya tsaya yana gabatar da makaɗansa. Ya faɗi mai ganga, wasu suka yi ihu daga gaba, ya ce matarsa ce da surukansa, aka yi dariya. Ya faɗi na biyu, nan ma aka samu masu ihu. Da ya zo kan yayanku sai ya dafa kafaɗarsa ya yi magana a hankali, wannan kam na ji ta sarai. Ya ce wannan ɗan garinku ne, a Bronx ya tashi, yau a gida yake. Sannan ya sa hannu a goshi yana leƙen mutane, ya ce ina mutanensa? Aka yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, idan kun saurari faifan za ku ji. Yayanku ya yi murmushi ya girgiza kai, yana yi wa tsohon alama da hannu ya wuce kawai. Murmushin nan ne ya tashe ni. Na san shi, shi yake yi a ƙofar makaranta. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na saki bakin zanen ba.

"Haruna! Ga ni nan, Haruna!"

Da Hausa na faɗa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Duk zauren ya juyo. Mariama ta toshe bakinta da hijabi, kafaɗunta suna rawa, har yau ban sani ba ko dariya take ko kuka. Aka ɓarke da tafi. Shi bai tafa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuyar da kai a kan jitar ya daɗe, har Mai Malafa ya ce wa mutane a ba yaron minti ɗaya.

Da aka tashi ya ratso mutane ya zo ya tsaya a gabana. Na ce masa la'asar za ta wuce. Ya yi dariya da jajayen idanu, ya kai mu wani lungu a bayan dandamali, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa mana, ya duba alƙibla a wayarsa. Zuciyata ta ce wa ya san abin da ya taɓa rigar nan. Na yi sallata a kanta, kuma ban rama ba.

Ya tafi Tennessee ɗin duk da haka, aiki ne. Amma ya fara kira duk Juma'a, yana tambayar me na dafa, yana ba ni labarin hanya. Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Sai bayan wasu watanni ya zo gari, ya same ni a kicin, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce in saurara. Na ji tafi, na ji muryar tsohon, na ji shirun. Sai na ji wata mata tana ƙwala kiran ɗanta na fari kamar mai tallan fura. Na jawo kujera na zauna. Abubuwan nan masu reto ashe makirfo ne, an rataye su ne don su ɗauki mutane.

"Mai Malafa ya ce duk a wasan ranar babu abin da ya kai wannan, yana so a bar shi. Amma ya ce muryarki ce, ba zai saki ba sai kin yarda. Ana iya yankewa, Mama, babu wanda zai gane an taɓa."

"Idan an bari, wa zai ji?"

"Kowa. Duk wanda ya saya, duk wanda ya kunna a waya."

"Har a mashaya?"

"Har a can. Duk abin da kika ce ba zan ji haushi ba."

Haka ya ce, amma yana maganar yana murza yatsan nan da yake sa wa kwalba, bai dube ni ba. Na ce ya ba ni lokaci.

Kwanakin da suka biyo ba na fatan kowa ya yi irinsu. Muryar matar aure a cikin kiɗa, ana juya ta a inda ake saɓon Allah, ko bayan raina. Sunan ɗan fari a bakina, duniya tana ji. Na yi ta tunanin Innata. Na yi ta tunanin matan da na wanke, ko danginsu za su ce da wane hannu na taɓa su. Ta ɗaya gefen kuma, abu ɗaya yaron nan ya taɓa roƙona tun da aka haife shi, na ba shi sau ɗaya, yanzu in ce a goge kamar ban faɗa ba? Na yi istihara ban ga komai ba. Na tambayi babanku, Allah ya jiƙansa, ya amsa yana jan carbi.

"Ni na kore shi daga gidan nan saboda jita, ban ga abin da na samu ba. Ba zan ce ki bari ba, ba zan ce ki cire ba. Amma in kin bari, ki san mutanenmu."

Mariama lokacin ta fara kwanciya, ta rame har zobenta yana zamewa. Na ɗauka za ta ce in bari kawai, amma ba ta yi mini ƙarya ba.

"Za su cinye ki ɗanya, Bakanuwa. Na san su, da su nake kwana. Idan ya fito zan ce tare muka je, ni na ja ki."

Na ce idan ta faɗa ban yafe ba. Mace tana kwance a gidan miji, tana bukatar mai kai ta asibiti da mai ba ta ruwa, ba lokacin tayar mata da fitina ba ne. Sai da na sa ta rantse. Da na dawo gida na kira yayanku na ce a bari. Ya ce, kin tabbata, Mama? Na ce ban tabbata ba, amma a bari.

Faifan ya fito da bazara. Ban san wanda ya fara ji a cikin mutanenmu ba, an ce wani mai tasi ne. Aka yanko daidai wurin, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya, har gida Najeriya ya kai, ƙanwata ta kira tana salati. Babu wanda ya zage ni a fuska. Gaisuwa ce ta gajarce. A masallaci sai na ga sahu yana da faɗi a gefena. Wata mata ta rasu a Concourse Village, sai bayan an binne ta na ji. Aka sake yin wata rasuwar, nan ma haka. An samu wata Basakkwatiya da ta karɓi wankan. Magana ta dawo mini cewa mai wanke mamata ba ta zuwa gidan giya ta yi ihu, kuma macen da ta iya faɗin sunan ɗan farinta a bainar jama'a babu abin da ba za ta iya ba. Ban ce duk ƙarya suka yi ba. Na je ɗin, na yi ihun.

Mariama ta rasu da sanyin safiya, farkon hunturu. Tun tana kwance ta gaya wa mijinta a gabana cewa ni take so in wanke ta, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na haɗa kayana, ganyen magarya da kafur da safar hannu, na tafi. A ƙofar ɗakin wankan yayar Alhaji ta tare ni, ba da faɗa ba.

"Hajiya Rabi, Alhaji ya ce a yi miki godiya. An riga an samu mai yi."

"Ta bar mini wasiyya, Yaya. A gabansa ta faɗa."

"Ya ce a hutar da ke."

Da kalma ɗaya zan iya cewa ai tare muka je, ita ta ja ni. Ban san ko zai buɗe mini ƙofar ba, amma na san da me za a riƙa tuna ta. Na zauna a benci a waje da jakata a cinya, ina jin ƙarar ruwa ta bango. Ina bin su a zuciyata gaɓa gaɓa, ina cewa yanzu sun kai kaza, Allah ya sa ba su manta kaza ba. Ban riƙe Alhaji a zuciya ba, abin da ya gani daidai ya yi. Amma ban taɓa yin zama mai nauyin wannan ba, har da ranar da babanku ya rasu.

Ban gaya wa yayanku ba, Zainab ce ta kira shi. Ya kamo hanya a mota tun daga Tennessee, ya iso washegari ana shirin sallar jana'iza. Rabonsa da masallacin nan tun yana sakandare. Ina tsaye ta tagar sashen mata na hango shi ya shigo da aron jallabiyar babanku, ta yi masa gajarta. Mutane suna kallonsa, kowa ya san ko wane ne. Da aka idar aka zo ɗaukar akwatin gawar, sai ya ratsa ya kama gaba, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji. Wani dattijo ya taɓa shi yana so ya karɓe shi, ya girgiza kai. Har mota bai saki ba, babanku ya ce a maƙabarta ma haka, har bakin kabari. Da yamma ya shigo kicin, takalmansa duk jan laka, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar ƙaramin yaro.

"Mama, saboda ni aka hana ki."

Na ce ba saboda shi ba ne, ni na ce a bari.

"Na kai miki ita. Ban bari ta girgiza ba ko kaɗan."

To, wannan shi ne labarin. Wankan bai dawo hannuna ba, sai jefi-jefi idan baƙuwa ta rasu babu mai ita. Alhaji ya bi matarsa lahira, shi ya sa na iya rubuta sunanta a nan. Ko na yi daidai da na bar muryata a faifan, ban sani ba, kullum ina neman gafara a kai, kuma da za a sake tambayata abin da zan ce ke nan. Idan tawa ta zo, kada ku tsaya jayayya da kowa. Ku kira Basakkwatiyar nan. Na bincika a wajen waɗanda suka zuba mata ruwa ranar Mariama, sun ce ba ta tsallake komai ba. Ɗauka kuwa ku bar wa yayanku gaba, ya san yadda ake riƙewa.